Konceton Fiyano na Busoni

Konceton Fiyano na Busoni dogon kiɗa ne da Ferruccio Busoni, gwanin fiyano kuma mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Italiya, ya kammala a 1904. Shi ne na 39 a jerin ayyukansa. A al'adar kiɗan Turai, konceto kiɗa ne da ake tsara wa gwani guda, ya riƙa ba-ni-in-ba-ka da babbar ƙungiyar makaɗa da ake kira okestira. Yawancinsu babi uku ne, kuma daga rabin awa zuwa minti 45 an gama. Na Busoni babi biyar ne da ake kaɗawa a jere ba hutu, yana cin kusan minti 70, a babin ƙarshe kuma mawaƙa maza ke shigowa da wata waƙar Jamusanci mai ambaton sunan Allah. Yana cikin konceto mafi tsawo da aka taɓa rubuta wa fiyano, kuma masu sha'awar irin wannan kiɗa sun fi jin labarinsa a kan jin sa a zaure.

Mai aikin

An haifi Busoni ranar 1 ga Afrilu, 1866, a garin Empoli kusa da Florence, ya rasu a Balin ranar 27 ga Yuli, 1924. Mahaifinsa mabushin kilarinet ne, mahaifiyarsa Anna Weiss makaɗiyar fiyano ce mai jinin Jamusawa, a Trieste kuma ya yi yawancin ƙuruciyarsa. Ya koyar a Helsinki da Mosko da Boston kafin ya zauna a Balin daga 1894. A zamaninsa an fi saninsa da hannu a kan fiyano da kuma mayar da kiɗan Bach, tsohon mai tsara kiɗa Bajamushe, kan fiyano. Abin da ya tsara da kansa bai samu irin wannan karɓuwa ba. Rabinsa Italiya, rabinsa Jamus, kuma ana jin wannan rabuwa a cikin konceton tun daga farko har ƙarshe.

Asalin aikin

Ana ganin ya fara shi ne wajen 1901 ko 1902. A daidai lokacin hankalinsa na kan wasan kwaikwayon Aladdin na marubucin ƙasar Danmak Adam Oehlenschläger, wanda ya fito da harshen Danmak a 1805, marubucin da kansa kuma ya fitar da shi da Jamusanci a 1808. Busoni ya so ya sa wa wasan kiɗa don dandali. Burin bai cika ba, amma waƙar da ke ƙarshen wasan ta zauna masa a rai, ita ce ya ɗauko ya rufe konceton da ita.

A wata wasiƙa da ya aika wa matarsa Gerda a 1902, ya zana mata siffar aikin kamar wanda zai kafa gari. Gine-gine uku ya jera, su ne babi na ɗaya da na uku da na biyar. Tsakanin ginin farko da na biyu ya sa wata fure ta ban mamaki da tsuntsaye, wato babi na biyu. Tsakanin na biyu da na uku ya sa dutsen Vesuvius mai aman wuta da dogayen itatuwa, wato babi na huɗu. Rana tana fitowa a kan ƙofar shiga, ƙofar ginin ƙarshe kuma an buga mata hatimi. Mai zane Heinrich Vogeler ya gyara wannan zane, aka sa shi a bangon littafin kiɗan da kamfanin Breitkopf & Härtel ya buga a 1906. Wanda ya riƙe hoton nan a zuciyarsa ba zai ɓace a cikin minti 70 ɗin ba: gini, rai, gini, rai, gini.

Babi-babi

Babi na ɗaya, Prologo e introito, okestira ce ke buɗe shi da doguwar murya mai natsuwa a kan goge-goge. Mai fiyano yana zaune, hannu a cinya, kusan minti huɗu bai taɓa komai ba. Idan ya shigo, ba da waƙa yake shigowa ba. Manyan dunƙulen sauti yake dokawa da yatsu goma, daga ƙasan fiyano zuwa samansa, kamar mai jera tubali. Tun daga nan mai sauraro zai gane cewa wannan ba irin konceton da gwani ke tsayawa gaba yana nuna bajinta ba ne. Fiyanon yana cikin ginin, yana ƙawata shi yana ɗauke da shi.

Na biyu, Pezzo giocoso, mai sauri ne da wasa, a tsakiyarsa kuma akwai muryar wata tsohuwar waƙar Napoli mai suna Fenesta ca lucive.

Na uku, Pezzo serioso, shi ne zuciyar aikin, kuma ya fi kowane tsawo, yakan wuce minti 20. An kasa shi huɗu: gabatarwa da sassa uku. Yana farawa a ƙasa-ƙasa cikin duhu, ya hau sannu a hankali har ya kai wata irin guguwa da fiyano da kakaki da ganguna ke haɗuwa, sannan ya sauka ya lafa. Masu cewa konceton hayaniya ne kawai sukan manta da wannan babi, inda akwai wuraren da fiyano ke magana da murya ɗaya tak, a hankali, zaure ya yi tsit.

Na huɗu, All'Italiana, rawar tarantela ce ta kudancin Italiya, mai gudu kamar an koro ta, cike da waƙoƙin titi da na sojoji. A nan ne mai fiyano ke shan wuya mafi tsanani, bayan ya riga ya yi kusan minti 50 yana aiki.

Waƙar ƙarshe

Babi na biyar, Cantico, shi ne abin da ya bambanta konceton da sauran. Beethoven ya taɓa haɗa fiyano da okestira da mawaƙa a 1808, amma a ɗan gajeren aiki. Busoni ya nemi a ɓoye mawaƙan, kada masu sauraro su gan su, muryar ta zo kamar daga cikin dutse, ko da yake a yau sau da yawa a bayan okestira ake jera su. Baitin farko yana kiran mutane su ɗaga zukatansu zuwa ga madawwamin iko, su ji kusancin Allah, su dubi aikinsa. Na gaba yana cewa daɗi da baƙin ciki suna musanya a duniya, amma ginshiƙanta suna nan daram shekaru dubbai. Fiyano a nan yakan koma baya, ya zama kamar ruwa mai gudana ƙarƙashin muryoyin.

Labarin Aladdin shi ne wanda aka sani cikin tatsuniyoyin Dare Dubu da Ɗaya. Ya shiga Turai ta hannun Bafaranshe Antoine Galland, wanda ya ji shi daga bakin Hanna Diyab, mutumin Halab, a 1709. Oehlenschläger da Busoni duk ba Musulmi ba ne, baitocin kuma ba addu'a ba ce ta Musulunci. Wasu masana na lissafa su cikin yadda Turawan ƙarni na 19 ke ƙawata Gabas a tunaninsu, wasu na ganin tunanin Busoni ne a kan ikon da ke cikin halitta.

Kaɗawar farko

An fara kaɗa shi ranar 10 ga Nuwamba, 1904, a zauren Beethoven da ke Balin. Busoni ne a kan fiyano, Karl Muck ya jagoranci okestirar Filhamonik ta Balin, mawaƙan kuma daga cocin tunawa da Sarki Wilhelm suka zo. Yawancin masu sharhi a jaridu sun yi masa ca, suka ce ya yi tsawo, ya yi ƙara, waƙoƙin titi kuma ba su dace da zaure ba. Wajen 1908 Busoni ya rubuta wata rufewa da za a iya tsayawa a babi na huɗu ba tare da mawaƙa ba, amma ba kasafai ake amfani da ita ba. Ɗalibinsa Egon Petri ne ya fi riƙe aikin a shekarun farko, wani lokaci Busoni na jagorantar makaɗan. Daga baya gwanin fiyano Alfred Brendel, duk da ƙaunarsa ga Busoni, ya ce an cika wa konceton kaya fiye da kima.

Abin da ke hana kaɗa shi

Na farko kuɗi ne. Sai an tara babbar okestira, an ɗauko ƙungiyar mawaƙa maza da za su zauna kusan awa guda kafin su buɗe baki na ƙasa da minti goma. Tsawonsa kuma ba ya barin wuri ga wani babban kiɗa a daren. Mai fiyano zai yi watanni yana haddace shi, bayan haka ba lallai a gayyace shi ya kaɗa fiye da sau ɗaya ko biyu ba, alhali konceton Tchaikovsky na farko ko na Grieg ko na Rachmaninoff na biyu ana neman su kowace shekara. Ga shi kuma a wurare da yawa okestira kan rufe wahalar da yake sha, masu sauraro su ga hannu na gudu ba su ji sakamakon ba.

Waɗannan dalilai gaskiya ne, sai dai ba su isa ba. Simfoni (wato dogon kiɗan okestira) na biyu na Mahler ya fi shi tsawo, mawaƙansa ma sai babin ƙarshe suke shigowa, amma manyan zauruka na sa shi a jadawali a kai a kai. Da za a ɗauki aikin Busoni a matsayin simfoni mai fiyano a tsakiya, a ba shi daren gaba ɗaya, da yawancin matsalar ta kau.

Faifai da farfaɗowa

Faifan kasuwa na farko shi ne na John Ogdon a 1967, tare da jagoran makaɗa Daniell Revenaugh. Garrick Ohlsson ya yi nasa da okestirar Cleveland a 1989, Marc-André Hamelin ya yi da ta Birmingham a 1999, Kirill Gerstein kuma ya kaɗa shi a Boston a 2017 aka naɗa. A 2024, shekara 100 da rasuwar Busoni, Benjamin Grosvenor ya kaɗa shi a bikin Proms na BBC a Landan.

Makamantansa

Faifan Hamelin yana cikin jerin da kamfanin Hyperion na Ingila ya fara a 1991 don tono konceton fiyano da aka manta da su, jerin da ya wuce faifai 80. Cikin waɗanda su ma ba a cika kaɗawa ba akwai na Dvořák na 1876, na Max Reger na 1910, guda uku na Nikolai Medtner, da na Florence Price na 1934.