Wariyar Launin Fata da Yadda Ake Tattauna Ta

Wariyar launin fata ita ce ɗaukar cewa 'yan Adam sun kasu gida-gida bisa launin jiki, siffar fuska da asalin kakanni, kuma wani gida ya fi wani hankali ko ɗabi'a ko daraja tun daga haihuwa. Kalmar ta haɗa har da abin da wannan imani ke haifarwa, wato raini da tauye haƙƙi da dokoki ko tsare-tsaren da ke ɗaga wasu su danne wasu. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan kawar da wariyar launin fata ta 1965, wadda ta fara aiki a 1969, ta faɗaɗa ma'anar ta shigar da zuriya da asalin ƙasa ko ƙabila. Ta kuma ce ana auna bambanci da manufarsa ko da sakamakonsa. Wannan "ko" ɗin yana da nauyi, domin yana nufin aiki na iya zama wariya ko da mai yinsa bai ƙudurta mugunta ba.

Asalin ra'ayin

Ƙyamar baƙo tsohon hali ne a duniya, amma jera mutane hawa-hawa bisa jini abu ne mai tarihi da ake iya bi. A birnin Toledo na Sifaniya, a 1449, an kafa ƙa'idar "tsarkin jini" da ta hana Kiristocin da asalinsu Yahudawa ne riƙe muƙamai. Sauya addini bai wanke su ba, tunda laifin da aka ɗora musu na kakanni ne. Cinikin bayi ta tekun Atlantika, wanda aka loda wa jirage 'yan Afirka kusan miliyan 12.5 a cikinsa, shi ya fi komai ɗaure launi da matsayi. A 1662 yankin Bajiniya da ke ƙarƙashin Ingila ya yi dokar cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, don haka ɗan baiwa bawa ne ko da ubansa ubangijinta ne.

Masana sun zo daga baya suka yi wa abin rigar ilimi. Carl Linnaeus ya raba mutane kashi huɗu bisa nahiyoyi a 1735, Johann Blumenbach ya mai da su biyar a ƙarshen ƙarnin, sannan Arthur de Gobineau ya fito a shekarun 1850 yana cewa cuɗanyar jini ce ke rusa wayewa. Masana tarihi da yawa na ganin cewa riba ce ta riga hujja zuwa: an fara bautar da mutane, sannan aka nemo dalilin da zai kwantar wa masu bayi da hankali.

Abin da kimiyya ta gano

Launin fata ya dogara ne ga yawan sinadarin melanin, wanda ke kare jiki daga kaifin hasken rana. Al'ummomin da suka daɗe kusa da tsakiyar duniya sun fi duhu, waɗanda suka yi nisa zuwa inda rana ke da rauni kuma suka yi haske, abin da ke taimaka wa jiki samar da bitamin D. A 1972 Richard Lewontin ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin ƙwayoyin gado yana cikin kowace al'umma ne, ba tsakanin al'ummomi ba. Aikin tantance taswirar gadon ɗan Adam da aka kammala a 2003 ya nuna cewa mutane sun yi tarayya a kusan kashi 99.9 cikin 100. Afirka kuma ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado, saboda haka tara mutanenta a ƙarƙashin suna ɗaya ba shi da tushe a halitta.

Daga ra'ayi zuwa doka

Rashin tushe a halitta bai hana rabe-raben yin aiki ba, domin gwamnatoci sun rubuta su a takarda. A Amurka kotun ƙoli ta halatta raba farare da baƙaƙe a wuraren jama'a a 1896, ta haramta hakan a makarantun gwamnati a 1954, sannan dokokin 1964 da 1965 suka hana nuna bambanci a aiki da wuraren jama'a da rumfar zaɓe. Jamus ta 'yan Nazi ta yi dokokin Nuremberg da suka tauye haƙƙin Yahudawa a 1935, kuma hanyar ta ƙare da kisan Yahudawa kusan miliyan 6. A Ruwanda, katin shaidar da Beljiyam ta shigo da shi a shekarun 1930 ya rubuta wa kowa Hutu ko Tutsi ko Twa, kuma da irin wannan kati aka riƙa tantance mutane a shingayen kisa lokacin kisan ƙare dangin da aka yi wa 'yan Tutsi a 1994.

Afirka ta Kudu ce ta fi tsara abin daki-daki. Daga 1948 zuwa 1994 launi ne ke yanke inda mutum zai zauna, wa zai aura, wace makaranta zai shiga. Dokar rajistar jama'a ta 1950 ta tilasta a sa kowa a aji, kuma idan aka yi shakka har fensir ake soka wa mutum a gashi a ga ko zai faɗo. Wannan kaɗai ya isa nuna yadda ma'aunin yake da wauta, sai dai wautar ta raba iyalai. A ranar 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka harbe masu zanga-zanga 69 a garin Sharpeville, kuma ranar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a 1966 don yaƙi da wariya.

Wariyar da ba a ganin mai yinta

Soke doka ba ya share sawunta. Iyalin da aka hana sayen gida a unguwa mai daraja ba shi da abin da zai bar wa 'ya'ya, jikoki kuma su fara rayuwa a baya. Stokely Carmichael da Charles Hamilton sun kira irin wannan da suna "wariyar hukumomi" a 1967, kuma rahoton Macpherson na 1999, kan yadda 'yan sandan Landan suka binciki kisan wani matashi baƙar fata mai suna Stephen Lawrence, ya yi amfani da kalmar a hukumance. A wani gwaji da aka wallafa a 2004, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Chicago, suna sauya sunayen da ke kansu. Masu sunan da ake dangantawa da farare sun samu kiran ganawa fiye da masu sunan da ake dangantawa da baƙaƙe da kusan kashi 50 cikin 100. Da wuya a ce kowane mai ɗaukar aikin ya san abin da hannunsa ya yi.

Tattaunawa ta gaskiya

A nan ne magana kan cije. Wani ya ce an yi masa bambanci, wanda ake faɗa wa sai ya ji an kira shi mugu, nan da nan zance ya bar abin da ya faru ya koma kan halinsa. Mai ƙorafi ya tashi ba a ji shi ba, wanda aka yi ƙorafi a kansa ya tashi da haushi. Masu horar da sasanci kan ba da shawarar a raba niyya da sakamako: mutum na iya cewa bai nufi cutarwa ba, ya kuma amince an cutu. Ya fi amfani a ce "wannan maganar da ka yi ta ƙasƙantar da ni" a kan a ce "kai mai wariya ne", saboda ta farko ana iya gyara ta, ta biyu kuwa musu kawai take jawowa.

Sauraro shi ne mafi wuya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ba a taɓa bin sa da ido a kanti ba, ko tsayar da shi a hanya ba dalili, ba zai ga abin ba sai an ba shi labari. Amsar "ni ba na ganin launi" takan fito daga zuciya mai kyau, amma tana rufe bakin wanda launi ke bin sa ko'ina. Akwai kuma nauyin da ake ɗora wa mutum ɗaya a ce ya yi magana a madadin miliyoyi, ko ya zama malamin kowa a kan ciwonsa. Wannan yana gajiyarwa, kuma abin da za a iya karantawa bai kamata a jira sai an tambayi abokin aiki ba. A ɗaya ɓangaren, inda ake tozarta duk wanda ya yi tambaya cikin rashin sani, mutane sukan yi shiru su riƙe ra'ayinsu yadda yake.

Haɗa mutane wuri ɗaya ba ya isa. Gordon Allport ya faɗi a 1954 cewa cuɗanya na rage ƙiyayya idan ɓangarorin suna matsayi ɗaya, suna da buri ɗaya, suna aiki tare, kuma hukuma na goyon baya. Wani nazari na 2006 da ya tattara bincike sama da 500 ya ga cewa cuɗanya kan rage son zuciya, musamman idan sharuɗɗan sun cika.

Ƙasashe ma sun gwada irin wannan zama. Hukumar gaskiya da sasanci ta Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Desmond Tutu, ta fara sauraro a 1996, ta karɓi bayanan mutum kusan 21,000, ta yi afuwa ga 849 cikin sama da 7,000 da suka nema. An yaba mata da fito da abin da aka binne, an kuma soke ta da cewa diyya ta yi kaɗan kuma rabon ƙasa da dukiya bai sauya sosai ba. Har kan ƙirga mutane ma ba a daidaita ba: Amurka da Birtaniya da Barazil suna tambayar launi ko asali a ƙidaya don a gano inda gibi yake, Faransa kuwa ba ta yi, bisa hujjar cewa gwamnati ba ta san ɗan ƙasa da launi ba.