Albam ɗin Farko na Lady Gaga: Me Masu Sharhi Suka Ce a Kansa?

Gardama ce ta kaure a teburin mai shayi a Runjin Sambo, tsakanin wani mai saka kiɗa a gidajen biki da abokinsa da ke karatun Hausa a Jami'ar Ɗanfodiyo. Ɗalibin ya ce alƙalamin masu sharhi ke ɗaga mawaƙi, mai kiɗan ya ce filin rawa ne. Misalin da suka kafe a kai shi ne The Fame.

Wane albam ne wannan?

Shi ne na farko da mawaƙiyar Amurka Lady Gaga ta fitar, a watan Agusta na 2008, tana da shekara 22, ƙarƙashin kamfanin Interscope na Amurka. Kiɗan rawa ne irin na na'ura: bugu mai nauyi da ba ya sassautawa, da gajeren amshi mai maƙalewa a kunne.

An yaba masa ko an kushe shi?

An yaba, amma ba yabon da zai kai ga liƙi ba. Dandalin Metacritic, mai tattara sharhin jaridu ya fitar da maki, ya ba shi 71 cikin 100. A makaranta wannan ci ne, sai dai ba shi ne na ɗaya a aji ba. Wasu ma sun ɗauki Lady Gaga a matsayin mai bin sawun mawaƙan da suka riga ta, Madonna da Gwen Stefani, kawai.

Me ya raba kan masu sharhin?

Inda kowa ya ajiye kunnensa. Waɗanda suka saurari kiɗa da amshi sun sara mata. Waɗanda suka bi kalmomi sun ce babu zurfi: kuɗi, suna, shagalin dare, sai soyayyar da ba a sakaya ta ba (wasu baitocin kam ba na kunnawa gaban surukai ba ne).

Basakkwace zai gane wannan da sauri. Kunnenmu ya tashi ne da Narambaɗa, wanda a Bakandamiya kowane ɗan waƙa ke ɗauke da azancin da za a kwana ana warwara, da kuma Ɗan Anace mai zuga 'yan dambe da kirari. A wurinsu gindin waƙa mazauni ne, ɗiyan su ne dukiyar. A kiɗan rawa kuwa abin juyawa ya yi: gindin shi ne komai, baitocin rakiya suke yi. Shi ya sa nake ganin mai neman zalaƙa a "Just Dance", ɗaya daga waƙoƙin albam ɗin, ya je kasuwar kara ne yana cigiyar turare. Haka dattawanmu ke yi wa waƙoƙin nanaye, kuma ba ƙarya suka yi ba, mudun ne daban.

Sharhin ya taɓa kasuwarsa?

Ba a ga alama ba. "Just Dance" ta fita tun Afrilun 2008, amma sai Janairun 2009 ta hau saman jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, bayan ta daɗe tana zagaya gidajen rawa da rediyo. "Poker Face", wata waƙar daga albam ɗin, ta biyo ta a Afrilu. A Birtaniya albam ɗin ya zo na ɗaya. A nan mai saka kiɗa ya fi ɗalibi hujja.

Daga baya fa?

A bikin Grammy na 2010, bikin karrama mawaƙa na Amurka, ya ci kyautar albam ɗin rawa, "Poker Face" ma ta ci tata. Babbar kyautar albam ɗin shekara kuwa, an sa shi a takara amma Taylor Swift ta tafi da ita.

Da gaske akwai hannun 'yan Afirka a ciki?

Akwai. RedOne, wanda ya haɗa kiɗan "Just Dance" da "Poker Face", haifaffen Tetuwan ne a Maroko. Mawaƙi Akon kuma, da ya yi ƙuruciya a Sanagal, yana cikin waɗanda suka rubuta "Just Dance". Wannan ne kaɗai abin da abokan biyu ba su yi musu a kai ba, har shayin ya huce.