Tsawon Jimla Ba Shi Ne Laifinta Ba

Ɗalibai da yawa, har da wasu malamai, sun ɗauka "run-on sentence" a Turanci na nufin doguwar jimla. Ba haka ba ne. "I came, he left" kalmomi huɗu ne kacal, amma akwai kuskure: cikakkun jimloli biyu aka liƙa da waƙafi kawai. A sa aya tsakaninsu, ko a ƙara "and" bayan waƙafin, shi ke nan. Jimla mai kalmomi 50 kuwa tana iya zama lafiya lau.

Haka batun gajarta. "Birds fly" cikakkiya ce, da aikau da aikatau. "Because the rain fell heavily last night" ta fi ta tsawo, amma guntuwa ce. Mai karatu na nan yana jiran jin abin da ruwan ya jawo.