Me ake nufi da "ƙarin ƙwaƙwalwa mai jin homon"?

Idan likita ya duba hoton MRI ya ce ƙarin da ke kai ba na daji ba ne amma yana jin homon, wato sinadarin da jiki ke fitarwa cikin jini don sarrafa ayyukansa, magana biyu ya faɗa a haɗe. Ta farko, ƙarin ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta. Wannan ba ya nufin ba shi da illa, domin ƙoƙon kai ba ya buɗewa, duk abin da ya girma a ciki sai ya danne wani abu. Ta biyu kuma, ƙwayoyin ƙarin suna da wasu 'yan kafofi da sinadarin homon ke maƙalewa a jikinsu, kamar makulli da kwado. Homon ba lallai ne ya haifar da ƙarin ba, amma yana iya ciyar da shi.

Wanda aka fi nufi da wannan magana shi ne meninjiyoma, ƙarin da ke tsirowa daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Kusan kashi 80 cikin 100 nasa na mataki na ɗaya ne, mai girma a hankali, wani ma 'yan milimita kawai a shekara. Mata sun ninka maza wajen samunsa, kuma fiye da rabin irin wannan ƙari na ɗauke da kafofin furojestaron, homon ɗin da ke hauhawa bayan rabin zagayen al'ada da lokacin juna biyu.

Shi ya sa ciki kan tona asirinsa. Mace na iya zama da ƙaramin ƙari shekaru ba ta sani ba, sai a wata na biyar zuwa na tara gani ya fara dishewa, ko ciwon kai mai tsanani da safe, ko farfaɗiya ta farko a rayuwarta. Ba homon kaɗai ba ne: jini da ruwan jiki suna ƙaruwa ga mai ciki, ƙarin ya kumbura, don haka wani yakan saki bayan haihuwa. Abin da ke ɓata lokaci a nan Kaduna shi ne a ɗauki farfaɗiyar a matsayin iska, ko a yi ta sauya tabarau. Mai cikin da ta yi jijjiga, hawan jinin masu ciki ake fara bincika cikin gaggawa. In jini lafiya lau, fitsari babu furotin, to a nemi hoton kai. Ana yin MRI ga mai ciki, amma a kan guji allurar da ke ƙara haska hoton.

Sai magunguna, inda aka fi samun hujja. Siforoteron, wani maganin homon da ake sayarwa da sunan Androcur, an tabbatar yana ƙara haɗarin idan an daɗe ana shan miligiram 25 ko fiye a kullum, har hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita amfani da shi a 2020. Ƙarin da yake haddasawa yakan fito fiye da ɗaya, a gindin ƙoƙon kai kusa da jijiyoyin gani, kuma sau da yawa yana tsayawa ko ya ragu idan an daina maganin. A 2024 wani bincike daga Faransa ya nuna matan da suka wuce shekara suna allurar tazarar haihuwa ta wata uku, Depo-Provera mai miligiram 150, haɗarin yi musu tiyatar meninjiyoma ya ninka kusan sau biyar da rabi. Adadin na da tsoratarwa, amma ciwon tun asali ba mai yawa ba ne, kuma masu allurar a cikin binciken kaɗan ne. Ba dalili ba ne na mace mai lafiya ta watsar da allura ta faɗa cikin da ba ta shirya ba. Wadda aka riga aka gano tana da ƙarin ce bai kamata ta ci gaba ba. Robar mahaifa ta tagulla ba ta da homon ko kaɗan.

An gwada maganin da ke toshe kafofin furojestaron ko zai hana ƙarin girma, bai yi aiki ba. Har yanzu sa ido da MRI, tiyata, ko gashi da hasken rediyoterafi su ne magani.

Akwai kuma ƙarin fituyitari, 'yar ƙwayar da ke gindin ƙwaƙwalwa. Shi yakan samar da homon da kansa, galibi furolaktin, homon ɗin da ke kawo ruwan nono: al'ada ta ɗauke, nono ya yi ruwa babu goyo, haihuwa ta yi wuya, namiji kuma ƙarfinsa ya ragu. Isturojin, homon ɗin mata da ke ƙaruwa lokacin juna biyu, kan kumbura shi. Wanda bai kai milimita 10 ba da wuya ya dame ta, wanda ya wuce haka yana iya danne mahaɗar jijiyoyin gani, gefe da gefen gani su ɗauke. Ƙarin da ke samar da furolaktin yana jin maganin sha, buromokiriftin ko kabagolin.

Mai irin waɗannan alamu ya nemi gwajin faɗin gani, wanda ake yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da gwajin furolaktin a jini, sannan a tura shi ga likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa kamar na asibitin koyarwa na Shika. Mace ta tafi da katin tazarar haihuwarta da kwalayen duk maganin homon da ta taɓa sha, har da na neman haihuwa, da tsawon lokacin da ta yi a kan kowanne.