Ma'anar "dayagnosis" a garejin mota, da labarin makunnin giyar da ya ƙi tasowa

Kalmar "dayagnosis" ta baro asibiti ta shigo gareji, yanzu kuma ba a raba ta da tallace-tallacen rediyo da allunan da ake kafewa a bakin titi, inda ake yi wa mai mota alkawarin cewa kwamfuta za ta faɗi ciwon motarsa cikin minti biyar. Har 'yan siyasa sun ɗauke ta, sai ka ji wani yana cewa sun yi wa matsalar ruwan sha dayagnosis, alhali abin da ya yi bai wuce lissafo koke-koken jama'a ba. Abin da ke damuna shi ne, a duk wuraren nan an mayar da kalmar ta koma nufin "jona na'ura a karanta abin da ta rubuto", kuma wannan fahimtar tana jawo wa mutane asarar kuɗi mai yawa.

Asalin kalmar daga harshen Girkanci ne, an haɗa "dia" mai nufin tsakani da "gnosis" mai nufin sani, wato sanin da ke rarrabe abu daga mai kama da shi. Likitan da ya ce maka jikinka da zafi bai yi dayagnosis ba tukuna, domin kai ma ka san da zafin tun daga gida. Sai ya bambance ko zazzaɓin cizon sauro ne, ko taifod, ko wani abu daban, sannan kalmar ta hau kan aikinsa. Da za a tambaye ni Hausarta, da na ce "tantance cuta", kuma nauyin maganar yana kan tantancewar.

Abin da ake yi da na'ura a gareji sunansa sikanin. Tun daga motocin shekarar 1996, dokar Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota soket mai ramuka 16 a kusa da sitiyari, tsarin da ake kira OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Ta wannan soket ake karanto lambobin da kwamfutocin motar suka ajiye, kowace da harafi a gabanta: P na inji da giya ne, B na kayan jikin mota, C na ƙafafu da birki, U kuma na sadarwa tsakanin kwamfutocin. Lambar tana faɗin abin da wata kwamfuta ta lura da shi ne kawai. Ba ta faɗin abin da ya haddasa shi, ba ta kuma ce a sayi wani abu ba.

Babu inda wannan ruɗani ya fi fitowa fili kamar a motocin da aka cire musu sandar giya aka sa ɗan makunni mai zagaye da ake murɗawa. Jaguar XF ta 2008 ce ta shahara da shi, inda yake tasowa daga mazauninsa idan an tayar da mota, daga baya ya shiga Range Rover Evoque, sannan Ram 1500 ta 2013 da Ford Fusion ta 2017 suka zo da nasu. A tsohuwar mota mai giyar otomatik, igiyar ƙarfe ce ta haɗa sandar da giyabos, idan ka ja sandar ka ja wani abu a ƙasa da ƙarfin hannunka. A waɗannan kuwa babu igiyar. Makunnin ƙaramar kwamfuta ce mai zaman kanta, a cikinta akwai sansa da ke gane inda ka murɗa, da ɗan makullin lantarki da ke hana shi juyawa sai ka taka birki, aikinta kuma aika saƙo ne ta wayoyi biyu zuwa ga kwamfutar giyabos, wadda ita ce ke zartarwa. Wannan hanyar saƙo ita ake kira CAN, kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da ita a 1986. Saboda haka idan mutum ya ce "giya ta lalace", yana iya nufin abubuwa huɗu mabambanta ba tare da ya sani ba: makunnin, ko wayoyin, ko kwamfutar giyabos, ko giyabos ɗin kanta, kuma tazarar kuɗin da ke tsakanin na farko da na ƙarshe ba ƙarama ba ce.

Na ga wannan da idona a kan Evoque ɗin yayana. Wata safiya ya tayar da ita, injin ya tashi lafiya, amma makunnin ya ƙi tasowa, allon gaban direba kuma ya nuna gargaɗin matsalar giya. Aka kirawo wani matashi da na'urarsa, ya jona, lamba ta fito U0103, nan take ya ce, "Alhaji, giyabos ta tafi, sai dai a nemo ta Beljiyam." Ya karɓi kuɗin dayagnosis ya tafi, bai ko buɗe bonet ba.

Ita kuwa U0103 ma'anarta ita ce wata kwamfuta a cikin motar ta daina jin muryar kwamfutar makunnin giya. Kamar maƙwabci ne ya zo ya ce maka ya yi ta sallama a ƙofar wane ba a amsa ba. Mai gidan yana iya kasancewa ba shi da lafiya, yana iya kasancewa ya yi tafiya, ko barci yake yi, ko kuma shi mai sallamar ne muryarsa ba ta kai ciki ba. Wanda ya ji wannan labari ya tafi sayen likkafani ya yi gaggawa. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne lambar ba ta ambaci giyabos ba ko kaɗan, makunnin ta ambata. Haka ake yi wa P0700, wadda ita ma ake yanke wa giyabos hukunci da ita, alhali saƙo ne kawai daga kwamfutar giya cewa ta ajiye wata lamba, a shiga wurinta a karanta. Ƙananan na'urorin nan masu araha da ake haɗawa da wayar hannu, da yawansu kwamfutar inji kaɗai suke iya shiga.

Washegari muka ɗauko wani dattijo mai gyaran wayarin, kuma a hannunsa na ga ma'anar kalmar. Shi ma ya jona na'ura, ya rubuta lambobin duka a takarda, sannan ya ajiye ta ya ɗauko mita. Batir ya fara aunawa, domin lafiyayyen batir da ya huta yana nuna kusan bolt 12.6, namu kuwa ya nuna 11.9, kuma irin waɗannan motoci idan wuta ta yi ƙasa lokacin tayarwa sai kwamfutocinsu su riƙa zubo lambobin sadarwa barkatai. Ya sa aka kawo wani batir mai ƙarfi, ya goge lambobin, ya sake tayarwa. Lambobin duk suka tafi sai U0103 ita kaɗai ta dawo. Ya ce wa yayana, "Alhaji, taka birki in gani," ya zaga baya ya ga fitilun birki sun kama, ya kuma duba a na'ura ya ga motar tana ganin an taka, da haka ya fitar da makunnin birki daga zargi, wanda shi ma idan ya mutu yakan hana giya fita daga P, wato fakin.

Daga nan ya duba fiyus, ya ɗaga murfin da ke kewaye da makunnin a hankali da ɗan abin ɓamɓarowa na roba don kada ya karce, ya zare soket ɗin, ya tabbatar wuta tana isowa kuma wayar da ke komawa jikin mota ba ta saki ba. Sai ya cire kan batir, ya jira kwamfutocin suka yi shiru, ya auna tsakanin wayoyin saƙon nan biyu. Hanyar CAN tana da abin tare wuta mai om 120 a kowane ƙarshe, don haka lafiyayyiya takan nuna kusan 60, idan ta nuna 120 to wani ɓangare ya yanke. Tamu ta nuna 60. Wuta tana zuwa, hanya a buɗe take, amma makunnin ba ya magana, sai a lokacin ya ce shi ne. Da ya kwance shi ya juya, sai ga ƙafafun soket ɗin sun yi kore, ga kuma wani danƙo mai ja ya bushe a cikin ramin da yake tasowa, domin mazaunin kofi yana dab da shi, kuma yara sun taɓa zubar da zoɓo a wurin watanni kafin nan. Irin wannan tsatsa ake yawan samu a motocin da ambaliya ta taɓa a Amurka aka yi gwanjonsu, suka shigo ta Kwatano ko Legas jikinsu yana ƙyalli.

Sauya makunnin bai kai wahalar gano shi ba, amma yana da sharuɗɗa. Dole lambar da ke jikin sabon ta dace da ta tsohon, domin biyu suna iya yin kama a ido amma manhajar cikinsu ta bambanta gwargwadon shekarar mota da irin giyabos ɗinta, shi ya sa mai zuwa sayen kayan mota a Ƙofar Ruwa a Kano ko Apo a Abuja ya kamata ya tafi da tsohon a hannu, ya kuma yi sharaɗin mayarwa idan bai yi ba. A wasu motocin ana ɗaurawa sai ya kama aiki, a wasu kuma sai an gabatar da shi ga sauran kwamfutocin da na'urar kamfanin. Kuma kada a yarda a ja motar da giyarta ta maƙale a P da ƙafafu a ƙasa. Akwai hanyar sakin giya ta gaggawa da littafin motar ya bayyana, wadda ba a taɓa ta sai an sa wa tayoyi waigi, domin da zarar an sake ta giyar ta daina riƙe motar.

Dattijon ya wanke soket ɗin da maganin wanke kayan lantarki, ya ɗaura wanda aka sayo, ya mayar da kan batir. Da aka tayar, makunnin ya taso. Bai bar mu mun tafi ba sai da ya murɗa shi zuwa R da N da D ɗaya bayan ɗaya yana duba ko harafin da ke kan allo ya yi daidai da na makunnin, ya sa aka duba fitilar ribas, ya kashe motar ya ga ta koma P da kanta, sannan ya zaga da ita unguwa ya dawo ya sake jona na'urar. Babu lambar da ta dawo, giyabos ɗin da aka ce ta tafi kuma ita ce a cikin motar har yau.