Haɗe basussukan karatu wuri guda a Amurka: yaushe yake da amfani?

Mene ne haɗe bashin karatu?

Ɗalibin da ya yi jami'a a Amurka da rancen gwamnatin tarayya yakan kammala da basussuka da dama, kowanne da nasa kuɗin ruwan, domin kusan kowace shekarar karatu sabon rance ake ba shi. Ma'aikatar Ilimi ta ƙasar ta ba da damar a biya su duka da sabon rance guda, mutum ya koma biyan kuɗi sau ɗaya a wata. Ana neman wannan a shafin StudentAid.gov, kuma kyauta ne, saboda haka duk wanda ya bugo waya yana neman lada kafin ya yi maka aikin, a yi hattara da shi. Rancen banki da gwamnati ba ta tsaya masa ba, ba ya shiga wannan tsari.

Shin kuɗin ruwa zai ragu?

Ba zai ragu ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Ana lissafa matsakaicin ruwan basussukan gwargwadon girman kowanne, sannan a ɗan ɗaga shi zuwa mataki na gaba na ɗaya bisa takwas na kashi 1 cikin 100. Idan ana bin mutum dala 10,000 a kan kashi 4 cikin 100, da wata dala 20,000 a kan kashi 6, matsakaicin zai kama kashi 5.33, sai a mayar da shi 5.375. Bugu da ƙari, ruwan da ya taru ba a biya ba yakan shiga cikin uwar kuɗi, shi ma ya fara haifar nasa ruwan.

To me ya sa biyan wata-wata yake sauka?

Saboda an tsawaita wa'adi ne kawai. Waccan dala 30,000 idan za a biya ta cikin shekara 10, kowane wata za a ba da kimanin dala 324, ruwan gaba ɗaya kuma ya kusa dala 8,900. Idan aka miƙe wa'adin zuwa shekara 20, biyan wata zai sauko kusan dala 204, amma ruwan zai kai wajen dala 19,000. Ga wanda albashinsa bai kai ba a yanzu, wannan sauƙi ne na gaske. Ga wanda yake iya biya, musamman mai ƙyamar riba da yake neman rabuwa da ita da wuri, asara ce.

Wane ne ya kamata ya haɗe?

A ganina, sai wanda haɗewar za ta buɗe masa wata ƙofa. Shirin yafe bashi ga ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, wanda aka kafa a 2007, yana yafe saura bayan biyan wata-wata 120, amma rancen Direct, wato wanda gwamnati take bayarwa kai tsaye, kaɗai yake karɓa. Mai tsohon rancen FFEL, wanda bankuna suke bayarwa gwamnati tana tsaya masa har aka daina shi a 2010, sai ya haɗe kafin ya cancanta. Haka ma wanda ya yi kwana 270 bai biya ba har aka sanya shi cikin waɗanda suka gaza, haɗewa tana daga cikin hanyoyin fita. Mai rancen Perkins kuwa, wato rancen gwamnati da makarantu suka riƙa bai wa ɗalibai mabuƙata, idan malamin makaranta ne ko ma'aikacin jinya, ya duba da kyau, domin wannan rance yana da nasa tsarin yafiya da yake ɓacewa da zarar an haɗe shi, kuma ba a warware haɗewa bayan an kammala ta.

Idan kamfani mai zaman kansa ya yi tayin ruwa mai sauƙi fa?

Wannan wani ciniki ne daban. Kamfanin zai biya gwamnati, ya zama shi ne mai bin ka, kuma daga ranar babu sauran biya gwargwadon samu, babu shirin yafiya na gwamnati, dakatar da biya idan aiki ya ƙwace kuma sai abin da yarjejeniyarsa ta tanada.