Idan Laftof ɗin Asibiti Tana Zafi Tana Ɗaukewa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kula da bayanan lafiya a ƙananan asibitocinmu na Ringim, Taura da ƙauyukan kewaye. Tun da bazara ta kama, kuka ɗaya nake ji duk inda na je zagaye: ana tsaka da shigar da rahoton wata a DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya, sai fanka ta kama ƙugi, kwamfuta ta yi nauyi, can ta ɗauke ɗif. Wasu har sun fidda rai da ita. Yawanci lafiyarta ƙalau, zafi ne ya ishe ta. Idan ƙwaƙwalwarta, wato furosesa (CPU), ta doshi digiri 100, da kanta take rage gudu, in abin ya ci tura ta kashe kanta don kada ta ƙone. A Afrilu da Mayu kuwa zafin rana a nan yakan haura digiri 40, ga ɗakunanmu masu rufin kwano.

Ku fara da mazauninta. Mafi yawansu ta ƙasa suke shaƙar iska, su fitar ta gefe ko ta baya. Wanda ya ɗora ta kan katifa, filo ko darduma ya toshe mata hanci. A sa ta kan tebur, a ɗan ɗaga bayanta. Ƙurar hunturun da ta wuce ma tana nan danƙare a fanka. A kashe ta, a cire caja, a share ƙofofin iskar da busasshen buroshi. In ta tsufa, mai gyara ya sake mata man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya, domin bushewa yake yi.

Sai dalilin zafin da ya fi ɓoyuwa, kuma shi ya sa na yi wannan rubutu. Wasu laftof na hannu da muke saye suna da katin hoto biyu, wato sashen da ke fito da hoto a fuskar kwamfuta: ƙarami na Intel mai tsimin wuta, da babba na NVIDIA ko AMD da aka yi don wasanni da haɗa bidiyo. Cike fom ba ya buƙatar babban ko kaɗan. Amma sau da yawa mai ita na farko ya bar shi a kan cikakken ƙarfi, yana ta cin wuta yana hura zafi ba gaira ba dalili, batir na ƙarewa tun kafin a gama rigakafin safe. A Windows 10 ko 11, ku shiga Settings, System, Display, sannan Graphics, ku zaɓi burauzar da kuke aiki da ita ku mai da ita Power saving. Mai NVIDIA ya buɗe NVIDIA Control Panel ya duba Power management mode. In ya tarar da Prefer maximum performance, ya sauya.

Akwai kuma batun direba, wato manhajar da ke sarrafa katin. Idan aka sake zuba Windows ba a sa direban da ya dace ba, a Device Manager za ku ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter. Nan ƙwaƙwalwa ce ke ɗaukar aikin hoto ita kaɗai, kuma sau da yawa hasken fuskar kwamfutar ya ƙi raguwa. Direban a ɗauko shi daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ne, Dell ne ko Lenovo.

Don Allah a daina aiki da ita a kan cinya. Zafin yau da gobe yana barin tabo a fata. Idan kuma kuka ga madannai sun turo ko gindinta ya kumbura, batir ne, kuma yana iya kama wuta. Kada a danna shi, kada a huda, kada a ƙara caji. A kashe ta, a ajiye ta nesa da ɗakin magani da hannun yara, a sanar da ofishin lafiya na ƙaramar hukuma a ranar.